Dara da Sija: Yadda Ake Aza Ƴaƴa da Yadda Ake Ci

Yara, kowa a cikinku ya taɓa ganin dattawa biyu zaune gindin itace, sun sunkuya bisa rairayi, jama'a sun kewaye su. A gabansu akwai ƴan ramuka jere. Ɗaya yana riƙe da tsinkaye, ɗayan yana riƙe da tsakuwa. Wani lokaci su daɗe shiru babu mai motsi. Can sai ɗaya ya gusa tsinkensa, ya ce: «Na ci!» Ƴan kallo su ɗauki sowa. Wannan wasa shi ne dara.

A yau za mu koyi dokokin dara. Bayan haka za mu yi tafiya mai nisa zuwa gabas, har ƙasar Sudan, mu ga wani wasa mai kama da ita, wanda ake kira sija.

1. Hausawan bakin Nilu

Ku nemi ƙasar Sudan a taswira. Za ku ga manyan koguna biyu: Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Shuɗin Nilu yana fitowa daga tafkin Tana a ƙasar Habasha. Kogunan biyu suna haɗuwa a birnin Khartum. Ƙasar da ke tsakaninsu ita ce Jazira, wato tsibiri da Larabci. Babban birninta shi ne Wad Madani.

A wannan yanki akwai garuruwa da ƙauyukan Hausawa. Yaya aka yi suka je can? A zamanin da, maniyyata suna tafiya Makka a ƙasa ko bisa jakuna da raƙuma. Sukan ratsa ƙasar Cadi da Darfur da Kordofan kafin su kai bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Waɗansu sukan tsaya a hanya su yi noma don neman guzuri, daga nan su yi aure, su kafa gida.

A shekarar 1903 Turawan Ingila suka yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ya rasu a fagen yaƙi. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya gabas tare da jama'a, Fulani da Hausawa. Suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Garin da suka kafa ana kiransa Mai Wurno. A shekarar 1925 aka gama ginin madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Hausawa da yawa suka yi aiki a waɗannan gonaki.

Matafiyi ba ya iya ɗaukar gidansa ko rumbunsa. Amma yana tafiya da harshensa da karin maganarsa da wasanninsa, don su ba su da nauyi. In ya sauka wata ƙasa kuma, sai ya koyi na mutanen da ya tarar.

2. Kayan dara

Dara wasan mutum biyu ce. Ana yin ta a Nijar da Nijeriya da Mali da Burkina Faso. Zabarmawa suna ce mata dili, a Mali kuwa akwai irinta da ake kira wali.

Ba a sayen kayan dara a kasuwa. Ana share rairayi, a haƙa ramuka layi 5, kowane layi da rami 6. Ramukan su ake kira gidaje. Gida nawa ke nan? 5 sau 6, gida 30. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12. Dole ƴaƴan su bambanta: ɗaya ya ɗauki tsinkaye, ɗayan ya ɗauki tsakuwa ko ƙwallon dabino.

Don mu fahimci darasin sosai, bari mu ba kowane gida lamba:

 1   2   3   4   5   6
 7   8   9  10  11  12
13  14  15  16  17  18
19  20  21  22  23  24
25  26  27  28  29  30

Ku zana wannan hoto a allonku kafin ku ci gaba da karatu.

3. Lokacin aza ƴaƴa

Wasan dara kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne aza ƴaƴa. Mai tsinke ya aza ɗa guda a gidan da yake so, mai tsakuwa shi ma ya aza guda. Haka za su yi ta yi, bi da bi, har ƴaƴan kowa su ƙare.

Ga dokokin wannan lokaci:
– Ɗa guda ake azawa kowane karo, kuma a gidan da babu kowa.
– Ba a jera ƴaƴa uku a layi ɗaya.
– Ba a ci, ba a gusa ɗan da aka riga aka aza.

Wanda bai iya dara ba yana tsammani wannan lokaci ba shi da amfani, tun da ba a ci. Sai ya riƙa zuba ƴaƴansa ko'ina da sauri. Kuskure ne babba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin wasanni tun wajen azawa ake cinye su.

To, me gwani yake dubawa?

Na farko, yana duba maƙwabtan gida. Gida na 1 yana kusurwa, maƙwabtansa biyu ne kawai: 2 da 7. Gida na 3 yana gefe, maƙwabtansa uku: 2 da 4 da 9. Gida na 15 yana tsakiya, maƙwabtansa huɗu: 9 da 14 da 16 da 21. A cikin gidaje 30, guda 4 suna kusurwa, 14 suna gefe, 12 suna tsakiya. Ɗan da ke tsakiya ya fi samun hanyar tafiya. Wanda ke kusurwa, ƴaƴa biyu sun isa su tsare shi.

Na biyu, yana shirya tarko. Misali, mai tsinke ya aza a 8 da 9, sa'an nan ya aza na uku a 16. Bai karya doka ba, don ba su jeru ba. Amma in aka fara tafiya, zai gusa 16 zuwa 10, ya sami 8, 9, 10. Idan mai tsakuwa ya lura, sai ya toshe gida na 10 da nasa ɗan tun da wuri.

Na uku, yana ƙirga gidajen da za su saura. Ƴaƴa 12 da 12 sun zama 24. In an cire 24 daga 30, saura 6. Waɗannan gidaje shida su ne ƙofofin wasan, ta cikinsu za a fara tafiya. Gwani yana ƙoƙari ƙofofin su kasance kusa da ƴaƴansa, nesa da na abokin wasansa.

4. Lokacin tafiya da ci

In an gama azawa, sai kashi na biyu. Kowa ya gusa ɗa guda, bi da bi. Ɗa yana tafiya gida ɗaya kawai: gaba ko baya, dama ko hagu, zuwa gidan da babu kowa. Ba ya tafiya a karkace, ba ya tsallake wani.

Wanda ya jera ƴaƴansa uku a layi ɗaya, a kwance ko a tsaye, ya ci. Sai ya ɗauke ɗa guda na abokin wasansa, ya ajiye gefe. Wannan ɗa ba ya komowa.

Ku riƙe waɗannan:
– Layin kwance kamar 8, 9, 10 ci ne. Layin tsaye kamar 4, 10, 16 ci ne. Layin karkace kamar 1, 8, 15 ba ci ba ne.
– Uku ake nema daidai. Ƴaƴa huɗu a jere ba ci ba ne.
– A wurare da yawa ba a ɗaukar ɗan da ke cikin layin uku. Sai a ɗauki wanda ke waje.

Wane ɗa ya kamata ka ɗauka? Kada ka kai hannu ga wanda ya fi kusa da kai. Tsaya ka duba. In abokin wasanka yana gab da jera uku, ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ƴaƴa, ka rushe masa shiri. In babu wannan haɗari, ɗauki wanda ya toshe maka hanya. Wani yakan yi murnar ci, ya ɗauki ɗa ba tunani, ashe ya buɗe wa abokinsa ƙofa. Nan take a rama, har a ƙara. Irin wannan ne ake ce wa dara ta ci gida.

Wasa yana ƙarewa in ƴaƴan mutum sun koma biyu, don da biyu ba a jera uku. Ke nan sai ka ci ƴaƴa 10 kafin ka yi nasara.

5. Doki

Akwai wani shiri da kowane ɗan dara yake tsoro. Ana ce masa doki. Ƴaƴa biyar ake yin sa da su. Ku duba allonku: mai tsinke yana da ƴaƴa a 7 da 8 da 9, yana kuma da biyu a 16 da 17. Ya gusa 9 zuwa 15: ga 15, 16, 17 sun jeru, ya ci. Da yinsa ya sake zagayowa, ya mai da 15 zuwa 9: ga 7, 8, 9 sun jeru, ya sake ci. Ɗa guda yana kai da komo tsakanin gida biyu, kowane taku da ci.

Doki yana da magani iri biyu. Na ɗaya, ka shiga gidan da ya bari. In ɗan ya koma 15, gida na 9 babu kowa. Idan kana da ɗa a 3 ko a 10, sai ka faɗa ciki, doki ya tsaya. Mai doki ya san haka, shi ya sa yakan fara cinye waɗannan ƴaƴa. Na biyu, ka jera naka uku, ka ɗauke ɗaya daga cikin ƴaƴan dokin da ba su cikin layi. Amma maganin da ya fi shi ne ka gane dokin tun ana azawa, ka hana a ɗaura masa sirdi.

6. Sija

Yanzu mu koma bakin Nilu. A Sudan da Masar akwai wani tsohon wasa sananne mai suna sija. Shi ma a rairayi ake haƙa gidajensa, da tsakuwa ko ƙwallon dabino ake yin sa. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Lane, ya bayyana shi a littafinsa na al'adun mutanen Masar, wanda ya fito a 1836. A can suna kiran gidajen «idanu», ƴaƴan kuwa «karnuka».

Ƙaramar sija tana da layi 5, kowane layi da gida 5:

 1   2   3   4   5
 6   7   8   9  10
11  12  13  14  15
16  17  18  19  20
21  22  23  24  25

Kowa yana da ƴaƴa 12, kamar a dara. Amma azawar ta bambanta. Ƴaƴa biyu-biyu ake azawa kowane karo. Kuma ba a aza kome a gida na 13, wato na tsakiya. Ba a ci lokacin azawa, kuma jera uku ba laifi ba ne. In an gama, gidaje 24 sun cika, ƙofa ɗaya tak ta saura. Saboda haka wanda zai fara tafiya dole ya shiga gida na 13.

Tafiyar ɗa iri ɗaya ce da ta dara: gida ɗaya, ba karkace, ba tsallake. Cin ne ya sha bamban. A sija ana ci ta hanyar sa ɗan abokin wasa a tsakiya. Misali: mai tsinke yana da ɗa a 15, mai tsakuwa yana da ɗa a 14. Mai tsinke ya gusa wani ɗansa daga 8 zuwa 13. Yanzu tsakuwar da ke 14 tana tsakanin tsinkaye biyu, 13 da 15, a layi ɗaya. An ci ta.

Taku ɗaya yana iya cin fiye da ɗa guda. A ce akwai tsakuwa a 12 da tsinke a 11, akwai kuma tsakuwa a 18 da tsinke a 23. Da tsinken nan ya shiga 13, sai ya ci 12 da 14 da 18 gaba ɗaya. Kun ga yadda mummunar azawa take jawo asara? Mai tsakuwa ya kewaye gidan tsakiya da ƴaƴansa, bai duba abin da ke bayansu ba.

Ga sauran dokoki:
– In ka shigar da ɗanka da kanka tsakanin ƴaƴa biyu na abokin wasanka, ba a ci ka ba. Wanda ya yi tafiya shi ne mai ci.
– In ka ci, kuma akwai wani ci a gabanka, kana iya sake tafiya nan take.
– A wurare da yawa ɗan da ke zaune a gida na 13 ba ya ciwuwa.
– In an tsare mutum har ba shi da gidan zuwa, abokin wasansa ne zai buɗe masa hanya.

Ku lura da kusurwa. A dara mun ce ɗan kusurwa ba shi da ƙarfi. A sija kuwa ba a iya cin sa. Maƙwabtan gida na 1 su ne 2 da 6, kuma ba su cikin layi ɗaya, don haka babu yadda za a sa shi a tsakiya.

Manya sukan yi sija mai layi 7 ko mai layi 9. Mai layi 7 tana da gida 49, kowa da ƴaƴa 24. Mai layi 9 tana da gida 81, kowa da ƴaƴa 40.

Akwai kuma wani wasa a Sudan da ya fi kama da dara. Larabawa makiyayan shanu, waɗanda ake kira Baggara, suna yin sa. Sunansa dala. Gidajensa 36 ne, layi 6 sau 6. Ana fara cika gidaje huɗu na tsakiya, kuma jera uku shi ne ci. Wani ma'aikacin mulkin Ingila mai suna Davies ya rubuta dokokinsa a 1925.

7. A shirya kafin a fara

Wata rana na kai ziyara wata makarantar ƙauye. Lokacin hutu na tarar da yara biyu sun kusa ba hammata iska. Ɗaya ya jera ƴaƴa huɗu, ya ce ya ci. Ɗayan ya ce a garinsu huɗu ba ci ba ne. Na farko baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba, kuma da wata doka ya koyi wasan. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Laifinsu guda: ba su shirya kan doka ba kafin su fara. Malaminsu ya zaunar da su, ya sa kowa ya faɗi dokokin da ya sani, ƴan aji suka zaɓi waɗanda za a bi. Aka share gidaje, aka sake wasa. Baƙon ne ma ya yi nasara, suka tashi suna dariya.

Dokokin dara da na sija sukan bambanta kaɗan daga gari zuwa gari. Saboda haka kafin a aza ɗan farko, ku tambayi juna: Wa zai fara? Ana ɗaukar ɗa daga layin uku? In hannu ya saki ɗa, ana mai da shi? Abin da kuka amince da shi, shi ne doka har ƙarshen wasa. Ƴan kallo kuma su kama bakinsu. Wanda aka ci ya yi haƙuri, wanda ya ci kada ya yi gori.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya tashi a Sudan. A watan Disamba na wannan shekara ya kai Wad Madani. Iyalai masu yawa, har da Hausawa, suka bar gidajensu da gonakinsu, makarantu suka rufe. Waɗansu yara kamarku sun tsinci kansu a garuruwan da ba su san kowa ba. In baƙon yaro ya zo makarantarku, daga kusa ko daga nesa, kada ku bar shi zaune shi kaɗai. Ku share rairayi, ku haƙa gidaje, ku miƙa masa ƴaƴa 12. Ku koya masa dararku, shi ma ya koya muku wasan garinsu.

Sababbin kalmomi

gida (na dara): la case
ɗa, ƴaƴa: le pion, les pions
layi: la ligne
kusurwa: le coin
tsakiya: le centre
doka: la règle
abokin wasa: l'adversaire
taswira: la carte

Tambayoyi

1. A wane birni Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa?
2. Wa ya kafa garin Mai Wurno? Bayan wane yaƙi?
3. Gida nawa ke saura babu kowa bayan an gama azawa a dara? A sija fa?
4. Me ya sa ba a yin gaggawa lokacin aza ƴaƴa?
5. Yaya ake ci a dara? Yaya ake ci a sija?
6. Me ya sa ba a iya cin ɗan da ke kusurwa a sija?
7. Mene ne laifin yara biyun da suka yi gardama?

Aiki

1. A hoton dara, kana da ƴaƴa a 20 da 21 da 28. Ina za ka gusa don ka ci?
2. A hoton sija, kana da ƴaƴa a 6 da 13, abokinka yana da ɗa a 7, gida na 8 babu kowa. Me za ka yi?
3. A sija mai layi 7, ƴaƴa nawa ne duka a fili bayan an gama azawa? Nuna lissafinka.
4. In ka koma gida, tambayi kakanka ko wani dattijo dokokin dara na garinku. Rubuta su, ka kawo aji gobe, mu gwada su da waɗanda muka karanta.